Garin da Ba Na Tuwo Ba

Makullin sito yana wuyana shekara tara,
a izin ɗin rina fata, bakin hanyar Ɗan Isa.
Ni ne Nomau. Ban yi nisa a lakkwal ba,
amma na iya karanta jikin gangar nan:
kifi kwance ciki sama, itace ba ganye,
da suna dogo kamar igiyar rijiya,
aminofenol.

Ran da aka buɗe shi fari ne tas,
ka ce garin gero aka tankaɗe sau biyu.
Bar shi ya sha iska, bar rana ta leƙa shi,
sai ya rine kamar jiƙon bagaruwa.
Abin da ke sauya fuska don an dube shi,
ba a juya masa baya.

Kai Sabi'u, da ka zo jiya da takalmin soso,
aje ludayin nan. Zauna.
In ba ka labarin Ilu na Bagalam.

Ilu ƙato ne, buhu biyu kafaɗa guda.
Ya ce safar hannu ta raggwaye ce,
takunkumi kuwa a kai wa jaki.
Tsakiyar bazara, kwanon rufi na gasa mutum,
ya wuni yana awo da hannu tsirara,
da shi ya share zufa, da shi ya ci ƙuli-ƙuli.
La'asar ba ta yi ba
sai ga leɓensa shuɗi, kamar ya kurɓi baba,
farcensa ma haka.
Ya ce ƙasa na juyawa, numfashi bai kai ƙirji.
Muka ɗora shi bisa kabu-kabu, ina tallafe da shi.
Lokotoro ya ja jini, ya ɗaga wajen haske:
ba ja ba ne, launin tsohuwar tukunya.
Ya ce jinin yana yawo amma bai ɗauke da iska,
kamar ɗan aike da ya baro saƙo gida.

Ilu ya tashi, da sauran shan ruwa.
Amma yau ko ƙofar sito ya gifta
tari ya shaƙe shi, hannu ya feso ƙuraje.
Albasa yake saidawa a babbar kasuwa,
ƙoda kuwa, sai an riƙa dubawa.

Don haka sa safar, ko hannu zai yi gumi,
sa tabarau, rufe hanci, buɗe tagogi duka.
In ya zube, kada ka kama tsintsiya,
ƙurar ce ke neman ƙofa.
Yayyafa ruwa, kwashe a hankali kamar mai ɗaukar jinjiri.
In ya faɗa ido, famfo ne ɗan'uwanka,
tsaya ƙarƙashinsa rubu'in awa, ko me ake kiranka.
Kada ka jera shi kusa da ruwan jabel ko asid,
ba su ga maciji da juna,
kuma nesa da murhun mai shayi.

Shekaranjiya Tsahara mai fura ta tare ni,
ta ce, Nomau, gangar da ta ƙare, ba ni in zuba ruwa.
Ta sa jika biyu a tafina.
Na mayar mata. Na ɗauko ƙusa da guduma
na huda gindin gangar tana kallo.
Har yau ba ta amsa gaisuwata.
Ba komai. Gara ta ƙi ni da ranta,
jikokinta shida ne ke sha daga randarta.

Ruwan wankin ma ba ya bin kwata.
Kwata gulbi take nufa,
gulbi kuwa lambun tumatir ne, da shanun wani,
da kifin da aka zana jikin ganga
tun kafin ya mutu.

In magariba ta gabato,
ina tuɓe rigar aiki in rataye ta nan, ba ta san gidana ba.
In wanke hannu har gwiwa, sau uku, da sabulu,
don akwai wata ƴar shekara biyu a Mokoyo
da ke tarye ni da gudu,
ta kama ɗan yatsana
ta kai baki.